A ɗora na'urar a kan turken danja, a daina jiran motoci

Duk lokacin da na karanta yadda Amurka ke zuba kuɗin bincike kan haɗarin mararraba, abu ɗaya ke tsaya min a rai. Hukumar manyan hanyoyinsu ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa a titi, a mahaɗar hanya suke mutuwa. Ba abin mamaki ba ne. A mararraba mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke iya haɗuwa da ta wata, kuma mafi muni shi ne karon gefe, inda babu abin da ya raba haƙarƙarinka da gaban motar wani sai ƙofa.

Tun 1999 suka ware zangon rediyo na musamman don motoci su riƙa sanar da juna inda suke. A 2012 Jami'ar Michigan ta gwada abin a garin Ann Arbor da motoci kusan 3,000, kowace tana aika wurinta da gudunta sau goma a daƙiƙa guda. Dabara ce mai kyau: kafin ka hango wanda ya keta danja a bayan babbar mota, motarka ta riga ta yi maka ƙara. To amma ina aka kwana? A 2020 aka yanke fiye da rabin zangon aka ba Wi-Fi. Dokar da aka tsara a 2016 don tilasta sa na'urar a sababbin motoci kuwa, janye ta aka yi a 2023.

Ni dai a ganina matsalar tun tushe take. Na'urar motata ba ta da amfani sai taka ma tana da ita, alhali matsakaicin shekarun motocin da ke kan titin Amurka ya haura 12. Yaushe za a gama jira? Tsohuwar da ke tsallaka titi da sanda fa, ko yaro a kan keke, wace na'ura ce a jikinsu?

Shi ya sa gasar da ma'aikatar sufurinsu ta buɗe a 2023 ta fi kwanta min. Abin da gasar ke nema shi ne kyamara da rada (na'urar gano nisan abu da gudunsa) a kafa su a mararrabar kanta, su ga kowa, mai sabuwar mota da mai tafiya a ƙasa, su yi hasashen karo su yi gargaɗi. Sai dai masu binciken su gwada mana tsarin cikin ruwan sama da hazo da duhu. Na'urar da ke yawan ihun ƙarya, direba kashe ta zai yi a zuciyarsa cikin mako guda.

Kuma kada sha'awar kwamfuta ta sa a manta da shataletale. Wuraren karon nan 32, shi takwas yake mayar da su, ba ya neman wuta ko intanet. Garin Carmel na jihar Indiana ya gina fiye da 150.