Kafin Ka Danna Dirila, Ka San Abin da Bango Ya Haɗiye

Assalamu alaikum ƙannena masu aikin hannu: masu ɗaura dish, masu kafa AC, masu wayarin, kafintoci, da ku da kuke maƙala ƙarfen labule a ɗakunan amare. Yau a kan dirila zan ja muku kunne, wadda take da hama, mai huda bulo da kankare. Na daɗe ina riƙe ta, kuma har gobe in sanyin hunturu ya shigo, wuyan hannuna na dama sai ya tuna min ranar da na raina ta.

Ina kan tsani ne ranar, zan kafa ƙarfen labule a saman taga. Wurin linta ke nan, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana zuba linta ya san da rodi a cikinta. Ni ma na sani. Amma tun da safe na kwance hannun gefen dirilar na bar shi a shago, wai yana hana ta shiga jaka. Bit, wato ƙarfen bakin dirila mai yin hudar, ya nutse kamar inci biyu, sai ya ci karo da rodi ya cije. To, idan bit ya tsaya cak, injin bai tsaya ba, ƙarfin nan da yake juya bit sai ya dawo ya juya gangar jikin dirilar gaba ɗaya. Ta murɗe min hannu, tsani ya goce, na sauko ba shiri. Sati uku ina zarya wajen maɗori, kuɗin aikin kuwa ko na magani bai kai ba.

Saboda haka hannun gefen nan ba ado ba ne. Ka ɗaure shi tamau, ka riƙe da hannu biyu, ka kafa ƙafafunka da kyau. Kada ka kwanta a kanta da duk nauyinka kamar mai tura motar da ta mutu. Hama ce ke fasa kankaren, kai naka saiti ne da ɗan dannawa. In ka ji ƙara ta sauya, bit ya daina ci, ko ka ga ƙurar tana fitowa da ɓurɓushin ƙarfe, saki maɓalli. Rodi ne. Matsa gefe ka sake wani rami. Bit ɗin bango ba ya cin ƙarfe, ƙona shi kawai za ka yi, kuma rodin da kake ƙoƙarin cinyewa shi ke riƙe da ginin mutane.

Rodi ma da sauƙi, hannu yake karyawa. Abin da ya fi ba ni tsoro waya ce. Gidajen yanzu duk an binne fayif ɗin waya a cikin filasta, an shafe an yi fenti, ba ka ganin komai sai soket da makunni. Ƙa'idar aikin ita ce waya ta tashi daga soket ko makunni ta miƙe sama, ko ƙasa, ko ta tafi a kwance ɗoɗar. A tsarin Ingila, inda muka gaji soket ɗinmu mai baki uku, ana kuma bin da ita cikin santimita 15 daga silin ko daga kusurwar ɗaki. Duk waɗannan layuka ka ɗauke su a matsayin titin waya, ba a huda su. Sai dai mu da muke cikin sana'ar mun san wani mai wayarin ɗin yanke yake yi a karkace don ya rage tsawon waya. Shi ya sa tambaya ba abin kunya ba ce: ka tambayi maigida, in da hali ya kira wanda ya yi wayarin. In kana da 'yar na'urar nan mai kuka idan ta ji waya ko ƙarfe a bango, shafa ta tukuna. In ba ka da ita, kashe bireka, wato babban makunnin da ke yanke wutar ɗakin, ka jawo wuta daga wani ɓangaren ko daga janareta. Kuma kada hannunka ya taɓa kan dirilar na ƙarfe tana cikin bango, riƙe wajen roba kawai. Wutar gida bolt 230 ce, ba ta san oga ba, ba ta san yaro ba.

Banɗaki da kicin kuma sai a ƙara da fayif ɗin ruwa. Dubi inda famfo yake da inda kan shawa yake, layin da ke tsakaninsu ka bar shi.

Sai wani abu da yake namu ne mu 'yan ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama. A gefen maɓallin dirila akwai ɗan ƙaramin maɓalli na kullewa, wanda in ka danna shi za ta yi ta gudu ko ka saki yatsa. Wani yarona ya kulle shi yana aiki a wani falo, NEPA suka ɗauke wuta, ya ajiye ta a kan kafet ya fita shan ruwa. Ko minti biyar ba a yi ba aka dawo da wuta. Sai ga dirila tana birgima a ƙasa ita kaɗai, ta naɗe wayarta, ta tsinke zaren kafet ɗin Hajiya, ga jaririn gidan yana rarrafe bai fi taku uku daga wurin ba. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar na kafa doka: an ɗauke wuta, a zare fulogi. Za ka canja bit, a zare fulogi. "Ai oga babu wuta" ba hujja ba ce, domin wanda zai maido da ita ba zai buga maka waya ba. Makullin ɗaure bit ma ka cire shi kafin ka kunna, in ba haka ba ya zama dutsen gwafa.

Maganar fulogi ta tuno min da masu cusa tsirarar waya a soket su tokare da tsinken ashana. Haba samari! Nawa fulogi yake? Haka wayar da ta sha salatif wuri biyar, ana jan ta a kan jiƙaƙƙen siminti, mai aikin kuma ƙafa ba takalmi. A canja waya, a sa takalmi mai ƙasan roba, a raba wuta da ruwa.

Kaftani na zuwa Juma'a ne. Hannun riga mai faɗi, carbi a wuyan hannu, jelar rawani, har safar hannu mai sako-sako, duk abin da bit ya kama naɗewa zai yi, kuma ya riga ka sauri.

Ido kuwa, wanda ya taɓa huda dakin, wato rufin kankare, yana kallon sama ya san yadda tsakuwa ke zubowa. Gilashin kariya ka sa, ba baƙin tabarau na gayu ba. Ƙurar ma da muke hurewa da baki daga cikin rami tana da sinadarin silika, wanda in ya taru a huhu shekara da shekaru yakan kawo ciwon da ba ya warkewa. Sa takunkumi, ka buɗe taga. Tsohon silin na asbestos kuwa, irin na gidajen da, in da yadda za ka yi kada ka huda shi sam, ƙurarsa na jawo cutar daji. Kunne ma yana da haƙƙi: ƙarar da ta haura desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana cin ji a hankali, dirila mai hama kuma ta wuce nan. Wannan "wiii" da kake ji bayan ka tashi aiki, kunnen ne ke kai ƙara.

A kan tayil ka kashe hama, ka bi a hankali har ka ratsa shi, sannan ka kunna ta a bulo. Kafin nan kuma ka ɗauki fisha ɗinka, 'yar robar nan da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru, wadda ta samo sunanta daga Bajamushen da ya ƙirƙiro ta a 1958, Artur Fischer, ka gwada tsawonta a jikin bit, ka ƙara kaɗan, ka naɗa salatif a wurin. Da salatif ya taɓa bango ka tsaya, duk abin da ke gaba da nan ba naka ba ne. In ka zaro bit, ba shi minti biyu ya huce kafin ka kai hannu, ko ka miƙa wa yaronka.