Rashin batir ba ya nufin rashin cin wuta

Da yawa in sun ji an ce akwai na'urar da ake mannawa a jikin gada ko ginshiƙin bene tana lura da tsagewa, kuma ba ta da batir ko waya, sai su ɗauka ita kaɗai take aiki dare da rana, da zarar siminti ya tsage ta aika wa injiniya saƙo. Ba haka abin yake ba.

Da yawa daga cikinsu 'yar eriya ce ta tagulla, siririya kamar takarda, haɗe da ƙwayar RFID, irin fasahar katin banki da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura shi ba. Wutarta daga na'urar karantawa take zuwa. Injiniya ya tsaya kusa, ya harba mata igiyar rediyo, galibi mai mitar kaɗawa tsakanin megahaz 860 zuwa 960, eriyar ta tsinci ɗan abin da zai farkar da ita, ta mayar da amsa. In ƙarfen da aka manna ta ya miƙe, ko tsaga ta ratsa ƙarƙashinta, tsawon eriyar ya canza, mitar igiyar rediyon da take amsawa da ita ma ta gusa. Daga wannan gusawar ake lissafa yawan miƙewar.

To in mai karantawa ya tafi fa? Ta koma barci, ba ta ajiye komai ba. Nisan da ake iya karanta ta ma 'yan mitoci ne kawai, kuma zafin rana kan gusar da mitar igiyar, sai an cire tasirinsa a lissafi.