Lissafin ƙarshen shekara: wa ya tura kuɗi, wa ya kwana a asibiti

Duk ƙarshen Disamba, mu da ke zaune a ƙasashen waje muna da wani lissafi da muke yi, ko a takarda ko a zuci. Nawa na samu, nawa na tura gida, ginin ya kai linta ko har an yi rufi, saura shekara nawa a ba ni takardar zaman dindindin. Lissafi ne mai sauƙi, tunda banki ya riga ya jera mana komai a waya. Da na zauna yin nawa na bana, sai na tarar abin da ya fi komai nauyi a gidanmu cikin shekarar nan ba ya cikin waɗannan lambobi, kuma ƙanwata ce ta ɗauke shi.

A farkon shekara mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne ya daɗe yana cin ta a ɓoye, kamar yadda yake yi wa mutanenmu da yawa, sai ranar da ya kayar da mutum a san yana nan. Alhamdulillahi ta tashi, amma hannu da ƙafa na dama ba su dawo ba, harshe ma ya yi nauyi. Ni kuwa ina arewacin Ingila, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Wato abin da nake yi wa iyayen wasu ana biya na, shi ƙanwata ke yi wa tamu uwar kyauta. Shi ya sa ba zan iya yin kamar ban san girman abin da take yi ba, don na san aikin ciki da bai.

Bari in faɗi yadda yake a nan. Kafin a bar ka ka taɓa mara lafiya sai an koya maka yadda ake ɗaga mutum ba tare da ka karya bayanka ko ka goce masa kafaɗa ba. Wanda ba ya iya tsayuwa, da na'ura ake ɗaga shi, kuma a wurinmu mutum biyu ne ke yi. Duk bayan 'yan awanni a juya shi don kada gyambon kwanciya ya fito, a rubuta lokacin da aka juya, a rubuta ruwan da ya sha da maganin da aka ba shi. In awanninka sun cika ka miƙa wa na bayanka bayani, ka ɗauki jakarka ka tafi. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ce a bar ma'aikaci ya huta awa 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa, kuma mai aikin kwana biyar a mako yana da hutun kwana 28 a shekara da albashinsa. Duk da wannan gata, aikin na cin jiki. Da wuya ka samu wanda ya daɗe a cikinsa bai koka da baya ko gwiwa ba.

Ƙanwata ba wanda ya koya mata komai, sai abin da ta tsinta a bakin nas-nas da wanda nake nuna mata ta bidiyo. Ita kaɗai ke ciccibar Hajiya daga gado zuwa kujera. Ita ke wanka, ita ke canza shimfiɗa da tsakar dare, ita ke kai ta gashi asibiti ta bi layi. Lokacin da aka kwantar da su, ita ta kwana a ƙasa kusa da gado, ita ta riƙa zirga-zirga tsakanin wurin biyan kuɗi da ɗakin gwaji da kemis, domin a asibitocinmu rabin aikin mai jinya ne ke yin sa. Ba ta da wanda za ta miƙa wa aiki da safe. Koyarwar da take yi ta ajiye, ga 'ya'yanta, ga miji da shi ma yana da nasa haƙƙin.

Amma in 'yan dubiya suka zo, addu'ar da ta fi yawa ni ake yi wa. Allah ya yi wa na Turai albarka, shi ke riƙe da gidan. Ita sai dai a ce sannu da ƙoƙari, a miƙa mata kofi ta kawo ruwa.

Ba ina raina kuɗi ba ne. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. An sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA a 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, amma yawancin tsofaffin da ba su taɓa aikin gwamnati ba har yau dokar ba ta iso ƙofar gidansu ba. In babu kuɗi babu hoton ƙwaƙwalwa, babu magani, babu gado. Abin da muke turawa yana ceton rai, kuma da gumi muke samun sa. Sai dai tura kuɗi aikin minti ɗaya ne, alat ya shiga, ka ajiye waya ka kwanta da sanyin zuciya. Daga nan ne aikin wani ke farawa. Bankin Duniya yana ƙidaya abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikawa gida, kusan dala biliyan 20 a 2023, ana buga shi a jarida ana yaba mana. Awannin da mata irin ƙanwata suka kwana a zaune ba su da rasit. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018 cewa kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da mutane da ba a biya, mata ne ke yin sa a faɗin duniya. A gidajenmu ba sai an kawo mana rahoto ba, kowa ya leƙa ɗakin tsohuwarsa zai ga wa ke ciki.

Kada wani ya ɗauka Ingila nake tallatawa. Mutanen gida da yawa sun zaci komai na lafiya kyauta ne a nan. Ganin likita da kwanciya a asibitin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ba a biya a bakin ƙofa, haka ne, tun kafa ta a 1948, ko da yake jira ya yi yawa, har jerin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7 a 2023. Amma kula da tsoho a gida ko a irin wurin da nake aiki wani babi ne daban. Wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa, kuma akwai waɗanda gidan da suka yi rayuwa suna biya shi ake sayarwa a biya kuɗin ɗaki ɗaya. Ga kaɗaici. Na kula da dattijan da sai wata ya zagayo ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, 'ya'yan suna nan da rai, sai kati da furanni ranar Kirsimeti. Ƙasar da sai da ta naɗa ministar kaɗaici a 2018 ba za ta koya mana zumunci ba. Hajiya tun da ta kwanta ba ta yi dare ɗaya ita kaɗai ba, kuma ba zan musanya mata wannan da na'urar ɗaga mutum ba.

Abin da suka fi mu ɗaya ne: sun yarda jinya aiki ce. Ƙidayar 2021 ta tambayi mutane ko suna kula da wani ba tare da biya ba, aka samu kimanin miliyan 5 a Ingila da Wales. Wanda ke jinyar wani awa 35 ko fiye a mako yana iya neman alawus daga gwamnati. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ba su kai fam 90 a mako ba, masu karɓa ma kuka suke. Tun Afrilun 2024 kuma ma'aikaci na da damar ɗaukar hutun mako ɗaya a shekara don jinyar nasa, ko da yake ba albashi. Duk ƙanana ne, amma an rubuta sunan mai jinya a wani wuri, an san yana gajiya. Mu kuwa sai mu ce dangi na kula da ita, mu wuce. In ka bincika dangin nan, mace ɗaya za ka tarar, wani lokaci 'ya, wani lokaci matar ɗa wadda ba ita aka haifa ba.

Ta fannin lafiyata, shekarar ta zo da gargaɗi. A nan wanda ke tsakanin shekara 40 da 74, in ba a riga an san shi da ciwo irin na zuciya, suga ko hawan jini ba, ana kiran sa gwajin lafiya kyauta duk bayan shekara biyar. Aka kira ni, aka auna, jinina ya haura 140 bisa 90, aka sa ni in riƙa awo a gida, daga baya aka ɗora ni a kan magani. Aikin dare bai taimaka ba, haka duhun hunturu, inda a Disamba rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Masu baƙar fata irinmu ma shawarar da ake ba mu ita ce mu sha bitamin D duk shekara, don ranar ƙasar nan ba ta isar mu. Ciwon da ya kayar da Hajiya ne aka tare min tun daga nesa, da wasiƙa har gida. Ƙanwata, wadda jininmu ɗaya, kullum tana asibiti, tana riƙe da hannun Hajiya ana awo, amma ba wanda ya taɓa ce mata ke ma kawo naki.

Aiki dai yana nan, an gode Allah. Bizarmu a ɗaure take da wanda ya ɗauke mu, in aikin ya tsaya kwana 60 ake ba mutum ya nemo wani ko ya tattara. Wannan ke sa mutum haɗiye abubuwa da yawa, ya karɓi ƙarin dare ko da jiki na ƙi. Ni na shigo da iyalina kafin a rufe ƙofa. Waɗanda suka zo wannan aiki daga Maris ɗin 2024 ba a ba su damar kawo mata da 'ya'ya ba, kuma ana ganin abin a fuskarsu.

'Ya'yana ba su ga kakarsu ba bana. Fitar da yaro daga makaranta lokacin karatu ba izini tara ce, fam 80 kowane uba ko uwa a kan kowane yaro, in kuwa an yi hutu kuɗin jirgi ya yi sama. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, namu ya koma a waya. Ana kiran bidiyo, Hajiya na magana da harshe mai nauyi, yaran na amsawa da Hausa mai rauni, sai ƙanwata ta shiga tsakani tana yi wa kowa tafinta. Wannan ma wani aiki ne da aka ƙara mata.

Ra'ayina, ga duk wanda ke waje yana da tsoho a kwance a gida: a ware wa mai jinya kuɗinta daban, da sunanta, duk wata, kada a cusa shi cikin kuɗin magani ta riƙa jin kunyar taɓawa. A ɗauki wanda zai riƙa karɓar ta ko da dare biyu ne a mako. 'Yan'uwa maza da ke gari su shiga jerin kwana. Ayar Suratul Isra'i da ta yi umarni da kyautata wa iyaye in tsufa ya kama su ba ta ware 'ya'ya mata ba. Mu kuma in mun samu hutu muka je, mu je a matsayin masu karɓar aiki. Da yawanmu baƙi muke komawa, a share mana ɗaki, a yi ta hidima da mu, mai jinyar ta samu mutum na biyu da za ta kula da shi.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa min. Babban yayanmu ya ce wannan tunanin Turawa ne, ina aka taɓa biyan 'ya don ta yi jinyar uwarta, ai lada take nema, kada in ɓata mata. Ban ga inda samun barci ke rage lada ba, kuma in ladan ne, me ya sa muka bar mata shi ita kaɗai, mu ba ma so? Da na kawo wa ƙanwata maganar kuɗin, dariya ta yi ta ce, “Yaya, ni ba kuɗi ne damuwata ba, barci nake so.” To barcin ma sai an saya, ko wani ya zo ya zauna.

Mun samu wata mata da ta taɓa aiki a asibiti, za ta fara kwana da Hajiya wasu darare daga watan gobe, ni da ƙaninmu za mu raba kuɗinta. Na sa a saya wa ƙanwata na'urar awon jini tata ta kanta, na kuma nemi hutuna na shekara a haɗe don in je in karɓe ta. Maganar jerin kwana kuwa babban yayanmu bai amsa ba tukuna, ya ce sai ya yi shawara.