Tsohuwar ta tambaye ni ko mu ma muna da irin wannan

Ranar Lahadi na shiga wani ƙaramin gidan silima a nan Mosko, ƙarfe huɗu na yamma amma gari ya yi duhu, ƙanƙara har idon sawu. A bakin ƙofa kowa ya tuɓe ƙatuwar rigar sanyinsa ya miƙa, a ba shi ’yar lamba. Tsofaffin mata sun ci ado kamar masu zuwa biki, wasu ma da takalman canji a jaka.

Fim ɗin da aka haska na 1958 ne, Yevgeny Onegin. Asalinsa waƙen Pushkin ne, marubucin Rasha, sai mai tsara kiɗa Tchaikovsky ya mayar da shi opera, wasan da ake rera kowace magana da kiɗa, aka fara yinsa a garin nan a 1879. Da aka zo inda Tatyana, jarumar labarin, ta kwana tana rubuta wasiƙa, sai na ji tsohuwar da ke gefena tana bin baitocin a hankali, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Fuskar Ariadna Shengelaya ce a allo, muryar kuma ta Galina Vishnevskaya. Mamin ke nan, abin da muke zagin ’yan Kannywood a kai.

Da aka kunna fitila ta ce, “Ɗana, ku ma kuna da irin wannan?” Wallahi ta taɓa min zuciya. Na ce, “Iya, muna da Shata.” Ta ce ina za ta gan shi. Nan na rasa bakin magana.

Ban ce sun fi mu waƙa ba. Wanda ya ji Ɗan Anace yana wasa Shago ya san ba a fi mu ba. Kuma na sani gwamnatin Sobiyet ce ta zuba kuɗi, mu makaɗanmu sarakuna da attajirai suka riƙe. Amma su sun ɗauka da kyamara mai kyau, sun adana, jikoki suna kallo. Shata ya rasu a 1999, abin da nake samu nasa a waya bidiyo ne dishi-dishi, sauti na shaƙewa.

Mahaifina yana da kwali guda na kaset a ƙarƙashin gado. Daren nan na kira ƙanwata na ce ta duba min. Ta ce, “Yaya, ai tun ruwan da ya shiga ɗakin bara aka zubar.”