Ranar da samfefa ta cinye min rabin hatimi

Duk wanda na nuna wa tsohuwar bindigar sojan nan da na saya, tambayarsa ɗaya ce: "To ina gyaran da ka ce ka yi wata huɗu kana yi? Ai ga ta nan duk tabo." Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba mu haɗu a ƙasa.

Kafin komai, don kada wani ya ɗauki maganata ya faɗa rami: na saye ta ne da lasisi, ta hannun dillali mai rajista, da takardunta cif. Dokar kowace ƙasa daban ce. Akwai inda ake barin mutum ya mallaki irinta tana aiki, akwai inda sai an toshe bututun an kashe ta gaba ɗaya kafin a bar ka ka rataye a bango, akwai kuma inda ko kusa da ita ba a yarda ka je ba. Wanda dokar wurinsa ta hana, ya karanta don sanin tarihi kawai.

Lee-Enfield ce, samfurin No. 4. A gefen hagu na ƙarfenta an buga sunan masana'antar Long Branch da shekarar 1943, wato a Kanada aka ƙera ta, kusa da Toronto, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Zuriyar wannan bindiga ta shiga hannun sojan Birtaniya tun 1895, sakatarta ƙirar James Paris Lee ce, rabin sunan kuma daga masana'antar gwamnati da ke Enfield. Tana cin harsashi goma, mai lamba .303. Da yaƙi ya yi zafi Ingila ta kasa ƙera abin da zai ishe ta, sai aka raba aikin: Fazakerley da Maltby da kamfanin BSA a gida, Long Branch a Kanada, kamfanin Savage a Amurka. Waɗanda Savage ya yi har da rubutun cewa kayan gwamnatin Amurka ne a jikinsu, saboda a matsayin aro aka ba da su. Birtaniya ta sauya ta da bindiga mai sarrafa kanta a 1957, amma masu sintirin arewacin Kanada, can cikin ƙanƙara, sun riƙe ta tun 1947 har sai wajen 2018 aka fara karɓe musu. Abin da ya yi wannan daɗewa a bakin aiki ai ya wuce a raina shi.

Dillalin ya rantse min da ita aka sauka gaɓar Normandi ta Faransa, ranar da sojojin ƙawance suka kutsa can ta teku a lokacin yaƙin. Na yi murmushi na biya kuɗin ƙarfe da katako, ban ƙara ko sisi don labari ba. Babu takarda, babu alama, kuma in za a tara duk bindigogin da 'yan kasuwa suka ce sun je Normandi, jiragen ruwan ranar ba za su ɗauke su ba. Abin da aka buga a jikinta shi kaɗai na sani, shi ma sai da na koyi karanta shi.

Yanzu ga laifina. Ranar da na kawo ta gida, tana lulluɓe da wannan giris mai kauri da sojoji ke cusa wa makami kafin su jibge shi a rumbu, launin ƙasa-ƙasa, mai wari kamar tsohon garejin da aka daɗe ba a buɗe ba. Katakon ya yi baƙi ƙirin, yana maiƙo. Zumuɗi ya ɗebe ni. Na ɗauko samfefa, na ce bari in ɗan share gefe ɗaya na ƙotar in ga launin icen na asali. Ban fi shafa goma ba na ga wani abu kamar zane yana fitowa daga ƙarƙashin dattin, yana kuma ɓacewa a lokaci guda. Na tsaya, na hura garin katakon. Harafin C ne da kibiya a cikinsa, tambarin da gwamnatin Kanada ke bugawa a kayan sojanta. Rabin sama na nan, rabin ƙasa kuwa yana kan samfefar da ke hannuna, ya zama ƙura. Shekara tamanin tambarin nan ya tsira daga damina da rumbu da hannun sojoji, ni kuma na gama da shi kafin ruwan shayi ya tafasa. Na daɗe zaune ina kallonsa.

Daga ranar na sauya fahimtata game da kalmar gyara. A ganina aikin mai irin wannan bindiga shi ne ya tsayar da lalacewa, ya cire abin da ke cin ta, ya bar abin da ya same ta. Tsatsa mai rai, jar nan da ke ci gaba da cin ƙarfe, abokiyar gaba ce, a kawar da ita da mai da soson ƙarfe mafi laushi, a hankali. Amma wurin da baƙin launin ƙarfen ya koɗe ya yi fari-fari don tafin hannu ya daɗe yana riƙewa a nan, me za ka gyara? Hannun wani ne ya yi shi. Haka lotsawar da ke jikin katako inda aka sha jingina ta da bango ko aka jefa ta bayan mota.

Giris ɗin ma haƙuri ya fitar da shi. Na riƙa naɗe katakon da tsumma in ajiye shi a rana, zafi ya sa ya yi gumi, in goge, in sake. Sati uku ina wannan, kullum tsumman sai ya fito da launin ruwan kwata. Da ya daina gumi na koma ga man linsid, irin man da sojojin da kansu suke shafa masa, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har hannu ya yi ɗumi, a bar shi ya sha, a goge ragowar. A nan bari in yi wata 'yar karkata mai muhimmanci: tsumman da ya jiƙu da man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa a kwando, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta. A shanya shi a buɗe ko a nutsar da shi a ruwa. Mutane sun yi asarar ɗaki a kan wannan.

Wurin da ban yarda da son tarihi ya rufe min ido ba shi ne lafiyar ƙarfen. Harsasan wancan zamani, abin da ke tayar da wutarsu yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo laima, laima ta haifi tsatsa. Sojan da ya yi harbi bai wanke bututunsa ba, bayan shekaru za ka leƙa ka ga ciki kamar hanyar da ruwa ya zaizaye. Tawa da na haska fitila na leƙa, zaren cikin yana nan da kaifinsa, sai ɗan duhu kusa da baki. Duk da haka ban saka mata harsashi ba sai da na kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin kan sakata da gindin harsashi. In tazarar ta yi yawa, kwanson na iya tsagewa a gaban fuskarka. Masu ƙirar No. 4 sun yi dabara a nan, kan sakatar ana kwance shi, kuma akwai girma huɗu, daga 0 zuwa 3, don a daidaita. Wannan aikin mai ma'auni ne, ba na mai kallon bidiyo da dare ba. Sannan duk wadda ka ga an buga mata DP, sojoji sun riga sun yanke mata hukunci cewa ta fareti da atisaye ce kawai, ba a harbi da ita, komai kyanta a ido.

Akwai wani abokina da muka fi sati muna jayayya. Shi tasa ya goge ta tas, ya sake baƙin ƙarfen, ya shafa wa katakon banish har kana ganin fuskarka. Hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Ya ce min: "Kai da kake ta asali asali, wane asalin? Sojojin da kansu sun mayar da dubbai masana'anta, sun sauya bututu, sun sauya katako, sun sake fenti." Gaskiya ya faɗa. Irin waɗannan har alama gare su, FTR, sau da yawa da shekarar da aka yi aikin. Amma a nan ɗin ne muka rabu. Masana'antar da ta yi gyaran ta buga hatimi ta ce na taɓa, ga lokacin. Ta ƙara layi a kan tarihin. Samfefa kuwa share layi take yi, ba ta barin komai a madadinsa. Kayansa ne, ba zan hana shi ba, kuma har yanzu muna shan shayi tare. Sai dai in ya ɗora tasa kusa da tawa, tasa ta fi kyau, tawa ta fi abin faɗa.

Ban kuma cika zargin mutanen shekarun 1950 da 1960 ba, waɗanda suka sayi irin waɗannan da araha lokacin da rumbunan soja ke zubar da su, suka yanke katakon gaba, suka rage nauyi don farauta. A lokacin bindigar ba kayan tarihi ba ce, kayan aiki ce mai arha, tuli guda. Wanda ya samo irin wadda aka yanke ya nemo mata katako da zobba ya mayar da ita kamanninta na soja, ya yi aikin kirki, muddin ranar sayarwa zai faɗi abin da ya yi. Wanda nake jin haushi shi ne mai goge lambar sakata ya buga wata don ta dace da ta jikin bindigar, saboda ya san masu lamba iri ɗaya sun fi tsada. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, ko da me ya kira shi.

Wani abu kuma da ba na so in ɓoye. Wasu dararen ina murza man nan sai in tuna don me aka ƙera ta. Ba don ado ba ne. Ban san ko ta taɓa kashe mutum ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Wataƙila shi ya sa ƙyallin banish ke damuna a jikinta, yana sa ta yi kama da abin wasa, alhali yaron da aka miƙa wa ita a 1943 bai ɗauke ta wasa ba.

Sai a watan ƙarshe na iya buɗe 'yar ƙofar da ke gindin ƙotar, wadda datti ya liƙe. A ramin na tarar da 'yar kwalbar mai da igiyar da ake jan tsumma da ita ta cikin bututu, a naɗe yadda wani ya naɗe ta, ta bushe ta ƙage. Na warware ta rabi, na ga za ta karye, na mayar da ita yadda take na rufe. Rabin C ɗin ma yana nan. Abokin nawa ya ce ya san mai irin hatimin da zai cike min shi ba wanda zai gane, na ce ya bar shi.