A daina ɗora wa masu koyo laifin giɓin da ke cikin Rc da Arc

Amsoshin da aka bai wa matashin nan da ya canza `Arc<[String]>` zuwa `Vec<String>` a aikin da muke yi tare sun ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye hakan ba. A harshen rubuta manhaja na Rust, `Rc` da `Arc` manunai ne da ke bai wa sassa da yawa na shiri damar riƙe bayani guda ɗaya ba tare da kwafi ba, suna ƙirga masu riƙe da shi; `Arc` shi ne wanda ake rabawa tsakanin zaren aiki, wato sassan shiri masu gudana lokaci ɗaya, shi kuwa `Vec` jeri ne da ke da mai shi ɗaya. Kowa ya ga abin da ya faru: ya rubuta `for suna in &jeri`, domin ya zagaya sunayen ɗaya bayan ɗaya, kompaila, wato manhajar da ke fassara rubutun zuwa shiri, ta ƙi, ya nemi hanyar da za ta yarda, ya mayar da jerin `Vec`, sai kowane zaren aiki ya koma ɗaukar cikakken kwafin sunayen maimakon duka su duba guda ɗaya. Manya suka yi masa caa, wai bai san harshen Rust ba, wai ya koma ya karanta darasin `Deref`, wato hanyar ratsa manuni a isa ga abin da ke ciki. Ni a ganina abin da ya rubuta da farko shi ne daidai, kuma giɓin yana cikin babban laburaren harshen.

Dalilin ƙin kompaila ba wani sirri ba ne. Idan ka kira `jeri.iter()`, Rust yana bin manunin da kansa, ya ratsa `Arc` har ya isa ga yankin bayanan da ke ciki, ya samo aikin a can. Amma `for` ba ya yin wannan ratsawar. Abin da ka ba shi yake miƙa wa `IntoIterator::into_iter` kai tsaye, kuma idan ba a rubuta wa ainihin wannan nau'in `IntoIterator` ba, wato siffar da ke sa nau'i ya zama abin zagayawa, magana ta ƙare. An rubuta wa `&Vec<T>`, an rubuta wa `&[T]`, kuma a siga ta 1.80 da ta fito a watan Yuli na 2024 an rubuta wa `Box<[T]>` tare da `&Box<[T]>` da `&mut Box<[T]>`. A wannan sigar ba a yi wa `&Rc<[T]>` da `&Arc<[T]>` haka ba. To mutumin da ya ga `for` ta yi aiki a kan `Vec`, ta yi a kan yanki, ta yi a kan `Box`, wanda shi ma manuni ne amma mai shi ɗaya ne, da wane hankali zai yi tsammanin za ta tsaya a kan `Arc`, alhali dukansu jeri ne na abubuwa a jere a ma'ajiya?

Na san amsar da za a ba ni, domin an riga an rubuta ta sau da yawa a ƙarƙashin aikin yaron: ka ƙara `.iter()` kawai, ko ka rubuta `&*jeri`. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Haruffa kaɗan ne ga wanda ya riga ya san inda matsalar take, amma ga wanda bai sani ba, saƙon kuskuren yana gaya masa cewa abin da ke hannunsa ba abin zagayawa ba ne, sai ya yarda, ya canza nau'in gaba ɗaya. Asarar ba a haruffa take ba, tana cikin kwafin da aka yi ta yi a banza bayan an watsar da manunin da aka ƙirƙira domin hana wannan kwafin. Haka kuma duk aikin da aka rubuta ya karɓi `impl IntoIterator`, za ka iya miƙa masa `&v` idan `Vec` ne, amma sai ka yi dabara idan `Arc` ne, wanda ke nufin sauya nau'in fili ɗaya a cikin `struct` yana tilasta maka bin duk wuraren da aka zagaya shi kana gyarawa.

Wasu suka ce to ya rubuta wa kansa `IntoIterator` ɗin mana. Ba zai iya ba, kuma masu faɗin haka ya kamata su sani. Ƙa'idar harshen ta hana ka haɗa siffar da ba taka ba da nau'in da ba naka ba. `IntoIterator` na babban laburare ne, `Arc` ma nasa ne. Abin da ya rage masa shi ne ya naɗe `Arc` a cikin sabon nau'i nasa, ya sake rubuta duk abin da yake buƙata a kansa. Giɓin da mai amfani ba shi da ikon cikewa da hannunsa, hakkin masu laburare ne su cike shi.

Mun taɓa ganin irin wannan da `Default`, siffar da ke bai wa nau'i ƙimar farko. Tun fitowar Rust 1.0 a 2015, `Rc<T>` yana da ƙimar farko muddin `T` yana da ita, amma `Rc<str>` da `Arc<[T]>` ba su samu ba sai a 1.80, saboda `str` da `[T]` ba su da tsayayyen girma, don haka ba sa shiga waccan doka ta gama-gari. Shekara tara ke nan duk wanda ya sa `Arc<str>` a cikin `struct` ya ɗora `#[derive(Default)]` yana cin karo da kuskure, alhali `Box<str>` ya daɗe da samun nasa. Me mutane suka yi a tsawon lokacin? Wasu suka rubuta `Default` da hannu fili bayan fili, wasu suka koma `String`, wasu kuma suka naɗe shi da `Option` domin `None` ta tsaya a matsayin rubutu maras komai, suka jawo wa kansu duba `None` a kowane lungu na manhajar. A lokacin ma ana cewa ai ƙaramin abu ne. Da aka ƙara shi, babu abin da ya lalace, kuma layuka masu yawa marasa amfani suka zama abin gogewa. Haka aka yi da tattarawa: sai a 1.37, cikin 2019, aka iya yin `collect` kai tsaye zuwa `Rc<[T]>`. Wato an buɗe ƙofar zuba abubuwa a ciki ta hanyar zagayawa, aka bar ta fitowa da su a karanta a rufe.

Akwai iyaka ga abin da nake nema, kuma ina so a fahimce ta. Ba na neman `for x in jeri` wadda za ta cinye `Arc` ta miƙa maka abubuwan su zama mallakarka. Abin da ke cikin `Rc` kamar allon sanarwa ne a bakin ofis: kowa na iya tsayawa ya karanta daga sama har ƙasa, amma babu mai ikon cire takardun ya tafi da su matuƙar akwai wasu masu karantawa. Idan ƙirgen masu riƙe da manunin ya wuce ɗaya, zagayawa irin wannan dole ta yi kwafi a ɓoye ko ta rushe shirin, kuma duka biyun sun saɓa wa ɗabi'ar Rust. Shi ya sa ma `Box<I>` yake iya zama `Iterator` amma `Rc<I>` ba ya iyawa, domin `next` yana buƙatar `&mut self`, shi kuwa `Rc` izinin kallo kaɗai yake bayarwa. Wanda ke son mallaka yana da `try_unwrap` da `into_inner` da `unwrap_or_clone` ga nau'o'i masu tsayayyen girma, inda zai faɗi a fili abin da za a yi idan akwai wasu masu riƙe. Wannan tsari ne mai kyau, a bar shi yadda yake.

Zagayawa ta karatu kaɗai nake magana a kai, kuma ita ba ta da wannan haɗarin ko kaɗan. Ba ta taɓa ƙirge, ba ta ware sabon wuri a ma'ajiya, abin da za ta dawo da shi shi ne dai wanda `.iter()` take dawowa da shi yau. Masu tsoron karyewar tsofaffin shirye-shirye su tuna cewa wahalar da aka sha da jeri mai tsayayyen tsawo a 1.53, da kuma `Box<[T]>` daga baya, ta taso ne daga sauya ma'anar `.into_iter()` daga aro zuwa mallaka, har sai da aka jingina sauyin ga bugun harshen, wato edition, na 2021 da na 2024. A nan ma'anar ba za ta sauya ba: aro ne jiya, aro ne gobe. An warware mai wuyar a kan `Box`, saboda haka ban ga hujjar barin mai sauƙin a kan `Rc` da `Arc` ba, balle a zargi mai koyo da ya yi tuntuɓe da shi.

Tun da na ambaci `Default`, akwai abin da masu murnar samunsa suke tsallakewa a takardun bayanin harshen. An rubuta a can cewa `Arc<str>` ko `Arc<[T]>` maras komai da ka samo ta wannan hanya yana iya raba wurin ajiya ɗaya da wasu irinsa, yana iya kuma ƙin rabawa. Ma'ana, kada ka gina hukunci a kan `Arc::ptr_eq` tsakanin biyu daga cikinsu, kuma kada ka ɗauka `Arc::get_mut` zai ba ka izinin gyara don kawai yanzu ka ƙirƙire shi, domin yana iya dawo maka da `None`. Masu gwajin da ke duba `strong_count` domin tabbatar da cewa ƙirgen ya zama ɗaya bayan `default()`, ya kamata su sake duba gwajin nasu.