Takardar Haihuwa a Ohayo, Takardar Asali a Gida

Ranar da maiɗakina ta sauka a wani asibiti a Kolumbus, jihar Ohayo ta Amurka, ƙanƙara ta lulluɓe motoci, ɗakin kuwa da ɗumi kamar an hura gawayi. Wata nas ta miƙo min fom da biro: sunan jaririya, na uwa, na uba. Ba ta tambayi garin kakana ba. Kafin a yi arba'in takardar haihuwa ta iso ta gidan waya, yarinya ta zama 'yar Amurka.

A makon ne ƙanena ya kira daga Jos rai a ɓace. An hana ɗansa takardar asali, wai mu baƙi ne. Kakanmu haƙar kuza ta kai shi can tun zamanin Turawa, can aka binne shi.

Su ma Amurkawa ba da sauƙi suka samu wannan haƙƙi na zama ɗan ƙasa ta haihuwa ba. A 1857 Kotun Ƙoli, ta bakin babban alƙali Roger Taney, ta yanke wa wani bawa mai suna Dred Scott hukuncin cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da aka yi yaƙin basasa, sannan gyara na 14 ya shiga tsarin mulki a 1868: wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, kuma ɗan jihar da yake zaune. Wannan gaɓar ta ƙarshe ce ta tsaya min a rai. Tarayya ta ƙwace wa jihohi ikon ware ɗan gida da bare. A 1898 kotu ta tabbatar wa Wong Kim Ark, ɗan 'yan Sin da aka haifa a San Faransisko, haƙƙinsa.

Na sani, Indiyawan da aka tarar a ƙasar sai 1924 doka ta haɗa da su duka, kuma a 2025 Trump ya sa hannu a umarnin taƙaita wannan haƙƙi. To amma su a kotu suke rigimarsu. Mu tsarin mulkinmu na 1999 ya ce a naɗa minista ɗan asalin kowace jiha, ya bar wa sakatariyar ƙaramar hukuma tantance asalin.

Duk da haka, ranar suna mu tara ne a falo, ragon ma a Jos aka yanka, muna kallo ta waya. Hajiyarmu ta ce in kawo mata takwararta ta ga gida. Na ce to, Hajiya, in sha Allah bayan salla.